Fuska Kafin Lambobin Yabo: Yadda Wani Mai Koyo Ya Kwaikwayi Zanen Wellington na Goya

Kwaikwayon aikin magabata tsohuwar hanya ce ta koyon zane da fentin mai. Shi kansa Francisco Goya, mai zanen nan na Sifaniya wanda wannan bayani ya shafi aikinsa, ya zauna ya kwaikwayi zane-zanen magabacinsa Velázquez, ya sassaƙa su a farantan jan ƙarfe aka buga a 1778. Hanyar tana da kyau, amma tana da rami guda da masu koyo ke yawan faɗawa: su kwaikwayi abin da ke saman zanen, su bar yadda aka bi aka gina shi. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda wani ɗalibi da na koyar ya faɗa wannan ramin da kuma yadda ya fito.

Ɗalibin

Magidanci ne mai sana'arsa ta daban, zane kuwa abin da yake yi ne da daddare da ranakun hutu. Ya daɗe yana zana fuskoki da fensir daga hotuna, hannunsa kuma ya faɗa ƙwarai, in ya zana maka ido har gashin gira kana iya ƙirgawa. Bai taɓa riƙe buroshin fentin mai ba. Yana da son tarihin yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon, don haka da na ce ya zaɓi zanen da zai kwaikwaya, bai yi wata-wata ba ya ce na Wellington, janar ɗin Birtaniya, da Goya ya yi. Ya fara sanin zanen ne ta labarin satar da aka yi masa daga gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan a watan Agusta 1961, wanda bai dawo ba sai 1965.

Na amince da zaɓin nan da nan. Zanen ƙarami ne, kimanin santimita 64 a tsaye da 52 a kwance. Daga ƙirji zuwa kai ya tsaya, babu hannu, babu doki, babu filin daga a baya, sai duhu kawai. Launukan ma ba su da yawa. Da ya ce zai yi Napoleon a kan doki yana haye duwatsun Alps, irin wanda Jacques-Louis David ya zana, da na hana shi, don dokin kaɗai ya isa ya cinye wa sabon shiga shekara.

Sai dai na san ƙarfinsa ne zai zame masa cikas. Fensir yana saba wa mutum da bin layi da tsintar ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Fentin mai ba haka yake aiki ba. Da faci-facin launi ake gina shi, wannan kusa da wancan, mai haske kusa da mai duhu, layin da ido ke gani kuwa wurin da faci biyu suka haɗu ne kawai.

Zanen da tarihinsa

Ranar 22 ga Yuli 1812 rundunar ƙawance ƙarƙashin Arthur Wellesley, wato Wellington ɗin, ta karya sojojin Faransa da Marshal Marmont ke jagoranta a Salamanca da ke Sifaniya. Ranar 12 ga Agusta ya shiga Madrid, bayan Joseph Bonaparte, ɗan'uwan Napoleon da aka ɗora a gadon sarautar Sifaniya tun 1808, ya fice daga birnin. A cikin wannan watan ne Goya ya fara zanen. Wellesley yana da shekara 43, bai ma kai ga samun sarautar Duke ba tukuna, sai a 1814. Goya yana da 66, ya kuma yi kusan shekara ashirin da kurumcewa. Ke nan tsakanin mai zane da wanda ake zanawa babu wata doguwar hira, kallo ne tsagwaronsa.

Abin da kallon ya haifar ba irin zanen janar-janar da aka saba gani ba ne. Fuskar a rame take. Idanun a buɗe suke wangamgam, baki bai gama rufuwa ba, kumatu sun yi ja irin na wanda ya sha rana, goshi ya fi su haske. Mutum ne da ya yi shekaru yana fagen fama, ya ci nasara, amma gajiyar ba ta sake shi ba. Akwai wani zanen da Goya ya yi masa da jan alli, yana gidan tarihi na British Museum, gajiyar ta ma fi fitowa fili a can.

A kan katakon mahogani aka yi zanen, ba a kan ƙyalle ba, an kuma shafe katakon da launin ƙasa-ƙasa kafin a fara. A wasu wurare, kamar wajen idanu da baki, Goya bai rufe wannan shafen ba, ya bar shi ya yi masa aikin inuwa. Abu na ƙarshe, wanda shi ne mabuɗin wannan lamari: ba a lokaci ɗaya aka yi fuskar da duk adon ƙirjin ba. A 1814 Goya ya koma wa zanen ya gyara rigar, ya ƙara lambar Golden Fleece ta Sifaniya da ke rataye a wuya da kuros ɗin zinariya na sojan Birtaniya, waɗanda Wellington ya samu bayan an fara aikin. Ga kuma taurari uku a ƙirji, na Bath daga Birtaniya, na Hasumiya da Takobi daga Fotugal, da na San Fernando daga Sifaniya, sai faffaɗan ƙyalle biyu, mai ruwan hoda da shuɗi.

Allon farko

Na bar shi ya yi na farkon yadda ya ga dama, don in ga ina hannunsa zai kai shi.

Ya ɗauki allo mai farin shafe, ya raba shi gida-gida, ya raba hoton zanen haka, ya kwashe komai da fensir har ƙarshen kowace tauraruwa. Daga nan ya ɗauki buroshi mafi siranta ya fara da lambobin yabo. Dalilinsa shi ne ya fara da abin da ya fi sani, ya ajiye fuska sai hannunsa ya saba da fentin. Bai tsaya nan ba. Da ya faɗaɗa hoton a wayarsa ya ga lambobin Goya ɗige-ɗige ne da shafe-shafe, sai ya nemo hotunan ainihin lambobin a intanet ya zana su dalla-dalla. Makonni suka tafi a ƙirjin rigar nan.

Da ya iso fuska, matsaloli suka taru masa. A kan farin allo duk launin da ka ɗora sai ya yi maka kamar ya cika duhu, don haka ya dinga ƙara fari har fatar ta koma kamar an shafa mata alli. Wurin inuwa ya dinga ƙara baƙi, launin ya zama taɓo-taɓo. Jan rigar ma da fari ya haskaka shi, ya koma ruwan hoda, har ba a bambance riga da ƙyallen da ya ratsa ta. Ga shi a shafen farko ya zuba mai da yawa don fentin ya yi santsi, a na sama kuma ya tsinka da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Bayan 'yan kwanaki saman ya bushe, ƙasan yana nan danƙo, wasu wuraren suka fara yamutsewa.

Duk waɗannan kurakuran sabon shiga ne, ba su dame ni ba. Wanda ya tsaya mini a rai wani ne daban, shi kuwa bai ma lura ya yi shi ba. Ya rufe wa Wellington baki. Ya rage girman idanun, ya cika kumatun, ya miƙe haɓar. Ma'aunin gida-gidan nan bai hana shi ba, domin a kowane gida hannunsa ya ɗan karkata zuwa ga abin da yake ganin ya dace da babban janar. Abin da ya fito kyakkyawan hafsa ne mai kwarjini, wanda bai taɓa rasa barci ba.

Ya ce da ni, "Malam, ai lambobin nan sun fi na Goya fitowa."

Na ce, "Sun fi. Yanzu je ka bakin ƙofa ka waiwayo, ka gaya mini inda idonka ya fara sauka."

Ya je ya tsaya, ya dubi nasa, ya dubi hoton na Goya da muka buga daidai girman asalin muka kafa a gefe. Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce a nasa ƙirji yake gani, a na Goya kuwa idanu.

Inda matsalar take

Ba ƙarancin ƙwarewa ba ne. Tsarin aikin ne ya juya. Goya ya fara da mutumin, da sauri, yana gabansa, adon ya biyo baya, wani ma bayan shekara biyu. Ɗalibin ya fara da adon, kamar telan da ya zauna yi wa wuyan riga aiki alhali bai yanka rigar ba. Ido kuwa a kullum yana tafiya ne inda bambancin haske da duhu ya fi ƙarfi, inda gefuna suka fi kaifi. Da ya kashe duk kaifinsa da duk farinsa a kan taurari, babu abin da ya rage wa fuskar.

A ganina wannan ne ya sa zanen soja yake da amfani ga mai koyo, kuma shi ne haɗarinsa. Kakin yana da abubuwan da ake iya ƙirgawa: maɓalli, igiyar zinariya, tauraro. Mai koyo yana jin daɗinsu don yana iya auna kansa da su, ya ce wannan daidai ne, wancan ba daidai ba. Fuska ba ta ba da wannan sauƙin. Don haka hannu yakan gudu zuwa inda zai samu tabbaci, mutum ya ɗauka aiki yake yi alhali guje wa aikin yake.

Allo na biyu

Ba mu gyara na farkon ba, mun jingine shi inda zai riƙa ganinsa. Na kafa masa sharuɗɗa, na kuma gaya masa dalilin kowanne.

Ya shafe sabon allon da siririn fenti mai launin ƙasa, omba da aka tsinka sosai, ya bar shi ya bushe. Omba tana saurin bushewa saboda sinadarin manganis da ke cikinta, shi ya sa ta dace da shafen ƙasa. A kan irin wannan shafen ba mai haske ba, ba mai duhu ba, mutum yana ganin gaskiyar launin da ya ɗora tun daga shafar farko. Fensir kuma na karɓe. Da buroshi ya sa alamar saman kai, ƙasan haɓa, layin idanu, da karkatar kafaɗa, iyakarta ke nan. Ya ɗora duhun baya tun da wuri, don fuskar ta fito daga cikinsa, ba a zagaye ta da shi daga baya ba.

Launuka huɗu na ba shi don fata: fari, rawayar ƙasa, ja, da baƙin da ake yi da ƙonannen ƙashi. Waɗannan huɗun ne ake dangantawa da mai zanen nan na Suwidin, Anders Zorn, kuma sun isa kusan kowace fata. Abin da ya ba shi mamaki shi ne baƙin nan in ya haɗu da fari yakan ba da toka mai sanyi, wadda kusa da ja sai ta yi wa ido kamar shuɗi. Da ita ya yi wajen haɓa da saman leɓe inda gemu ke tsirowa, bai taɓa shuɗin fenti ba.

Farin yana buƙatar bayani, don nan ne kayan yau suka saɓa da na 1812. Masu zanen wancan zamani da farin dalma suke aiki, mai ɗumi, mai barin launin ƙasa ya ɗan leƙo, mai saurin bushewa, amma guba ne. Farin titaniyom da yawancin masu koyo ke amfani da shi yanzu bai shigo kasuwa ba sai wajen 1920. Yana rufe komai ruf, yana da sanyi, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe launi. Shi ne ya mayar da fatar allon farko alli. Maganin shi ne kada ya taɓa fata shi kaɗai: a fara karya shi da ɗan rawayar ƙasa a kan allon haɗa launi, a kuma rage yawansa ƙasa da abin da zuciya ke so.

Sai ƙa'idar mai. Fentin mai ba bushewa yake yi irin na ruwa ba, man ne ke shan iska ya daskare a hankali, yana motsi yayin da yake daskarewa. In shafen ƙasa ya fi na sama mai, na saman zai riga shi ƙagewa, na ƙasan ya ci gaba da motsi ya yamutsa shi ko ya tsattsage shi. Saboda haka ake farawa da fenti mai ƙarancin mai, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan zuwa sama. Na kuma ja masa kunne kan tsumman da ya jiƙe da man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, kada ya dunƙule shi ya jefa a kwando, domin zafin da yake fitarwa yana iya tayar da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi a ruwa.

Fuskar a zama ɗaya na ce ya yi ta, da buroshi mai faɗin ɗan yatsa, wayar kuma a aljihu. In yana son duba hoton, ya ja da baya ya kanne idanu har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage faci-faci. Goshi faci ɗaya ne mai haske da ya karkata ga rawaya. Kumatu da hanci faci ne mai ja. Ramin ido duhu ne, kuma a nan na hana shi sa fenti sai kaɗan, na ce ya bar shafen ƙasan ya yi aikin kamar yadda Goya ya bari. Wannan ya yi masa wuya ƙwarai. Mutumin da ya saba cike kowane lungu da fensir yana ganin wurin da bai taɓa ba kamar bashi ne a kansa.

Farin ido ma ya so ya yi shi fari tas. Na sa ya huda 'yar takarda ya ɗora hudar a kan farin idon da ke hoton, ya ga launin shi kaɗai ba tare da maƙwabtansa ba. Toka ne mai ɗan ɗumi, ya fi farin ƙyallen wuya duhu nesa ba kusa ba. Tun daga ranar takardar nan ba ta bar aljihunsa ba.

Rigar ba ta ɗauki lokaci ba da zarar ya gane cewa ja ba a haskaka shi da fari. Jan da ya fi ƙarfi shi ne wurin hasken, inuwar kuma a saukar da ita da omba. Taurarin kuwa sai da komai ya bushe ya taɓa su, na kuma ce kada kowace ta wuce 'yan shafe kaɗan: duhu a ƙasa, launin tsakiya a kai, sannan ɗigon fenti mai kauri inda ƙarfe ya kama haske. Zinariya babu ita a cikin kayan, rawayar ƙasa ce da omba da ɗigon haske. Daga bakin ƙofa suka yi ƙyalli fiye da waɗanda ya kashe makonni a kansu.

Bakin

A nan aikin ya tsaya cak. Leɓɓan da ba su gama haɗuwa ba su ne suka riƙe duk yanayin fuskar, kuma tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure ba ta kai kaurin ashana ba. In ya ƙara buɗa su kaɗan, janar ya zama mai mamaki. In ya rage, kyakkyawan hafsan allon farko ya dawo. Ya kankare da wuƙar fenti ya sake, ya kuma kankarewa.

Abubuwa biyu suka taimaka. Na farko, ya juya allon da hoton duka kai a ƙasa, yadda ƙwaƙwalwa za ta daina cewa "wannan baki ne" ta fara ganin siffa kawai. Na biyu, ya daina zana leɓɓan, ya koma zana abin da ke kewaye da su: inuwar ƙarƙashin hanci, ramin da ke ƙasan leɓen ƙasa, 'yar duhuwar kusurwar baki. Da waɗannan suka zauna, leɓɓan suka kusa fitowa da kansu. Ya kuma gane cewa layin tsakanin leɓɓa ba layi ɗaya ba ne mai kauri ɗaya, yana yin duhu a wani wuri, ya kusa ɓacewa a wani.

A nan ne ya yi mini tambayar da ta nuna ya fara kallo irin na mai zane. Ya ce, "Malam, shin Goya ya ga gajiyar ne ya zana ta, ko kuwa ya zana abin da ke gabansa ne gajiyar ta fito?" Na ce masa a aikace hanya ta biyun ce kaɗai ke hannun mai koyo. In ka ƙudurta zana gajiya za ka ƙara gishiri, kamar yadda ya ƙara da ya ƙudurta zana jarumi. In ka auna inuwar ƙarƙashin ido da gaskiya, ka sa ta inda take da duhun da take da shi, gajiyar za ta zo.

Inda aka tsaya

Allo na biyu bai kai na Goya ba, ba a kuma sa ran ya kai. Kunnen ya yi tauri, gashin ya manne wa kai kamar hula, gefen kuncin da ya kamata ya narke cikin duhun baya ya fito da kaifi. Bakin ya kusa, bai ida ba. Amma daga nesa ido yana sauka a fuska kafin ƙirji, kuma mutumin da ke ciki ya yi kama da wanda ya sha wuya. Wasu wurare masu duhu sun dushe bayan bushewa, abin da omba ta saba yi, na ce ya bar su, banish, wato shafen ƙyalli da ake yi a ƙarshe, zai dawo da su in zanen ya yi wata shida ko fiye ya ƙage sosai.

Ya so ya ɗauki wani zanen sojan nan take. Na ce a'a. Aikinsa na gaba mutum ne mai rai, zaune a gabansa kusa da taga, cikin riga marar ado ko maɓalli, da launukan nan huɗu da buroshi mai faɗi, a zama ɗaya. Ya riga ya shafe alluna da omba sun bushe, ya kuma sami wanda ya yarda zai zauna masa.